Kilo Hamsin Da Shida

Ranar wata Talata ce, ana zuba ruwa kamar sama ta fashe, ta shigo shagon walda da ƙafar keken ɗinki a ka. Mai walda, wanda ake kira Tartsatsi saboda saurin fushinsa, ya ɗaga gilashin fuska ya tsaya kallonta har ƙarfe ya ƙona masa yatsa.

"Malam, gyara za ka yi ko kallo?"

"Duka biyun, ranki ya daɗe."

Tela ce, siririya, 'yan layinsu na ce mata Allura. Kafin wata uku ta zama Allurata a bakinsa. Wata rana da wasa ya sa ta hau sikelin da yake auna tsofaffin ƙarafa.

"Hamsin da shida. Ko ƙofar gida kin fi ta sauƙi."

Ta jefe shi da takalmi tana dariya.

Ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa, Inna ta kama wuyan hannunta ta zagaye shi da yatsu biyu.

"Wannan tsinken? A ina za ta ajiye ciki? Ka kawo min mace, ba kara ba."

Da yamma saƙon Allura ya shigo: "Tartsatsina, ka ba ni wata biyu. Don Allah kada ka tambaye ni komai."

Daga nan kullum sai ya hango ta tana shiga kemis ɗin bakin titi, alhali ya san mai kemis ya daɗe yana sonta. Kumatunta suka ciko, fuska ta yi zagaye. Ya tura mata: "Me kike nema a wurin mutumin nan?" Shiru.

Ran nan da azahar ya tarar da su a ƙofar kemis, mutumin na miƙa mata ƙullin leda yana washe baki.

"A'a, mai ƙarfe! Ka ga yadda na ciko ta? Kai je ka ci gaba da dukan ƙarfe."

Guduma na hannun Tartsatsi. Ya sauke ta a kan gilashin kantar kemis ɗin, ya shaƙo wuyan mai kemis ya buga kansa da bango. 'Yan uwan mutumin biyu suka fito, ɗaya ya ɗaga benci ya rafka masa a baki. Jini ya wanke masa riga. Yana ƙasa suna takawa, ledar ta yage, ƙananan ƙwayoyi farare suka watse a gaban idonsa.

"Maganin ƙiba ne!" Allura ta ƙwalla ihu. "Saboda Inna nake sha, wallahi babu komai tsakanina da shi!"

Sai ta dafe kai, ta zube.

Shi ya goya ta har asibiti, yana tofar da jini a hanya. Inna ta iso da mayafi a hannu. Nas ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Nawa nauyinta kafin ta fara shan abin nan?"

"Hamsin da shida," ya ce da kumburarren baki. "Ni na auna."

"Tsayinta mita ɗaya da santimita sittin." Nas ta juya bayan kati ta rubuta. "Hajiya, ki duba. Ana ninka tsayi da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Nata ya ba da kusan ashirin da biyu. Daga sha takwas da rabi zuwa ƙasa da ashirin da biyar, shi ne daidai. Yarinya lafiyarta ƙalau. Wannan da kike gani ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Jininta ya hau, saura ƙiris ku rasa ta. Wa ya ce mata ta rame?"

Inna ta matsa bakin gado, ta kama wuyan hannun nan, wannan karon da tafi biyu.

"Ni ce," ta ce. "Bakina ne ya kwantar da ita."

Mahaifin Allura ya rantse ba zai ba mai fasa kantin mutane 'yarsa ba. Inna ce ta tafi da ƙafarta, sau uku, ta durƙusa a tsakar gidansa har ya sauko.

Da kumburin ya saɓe aka ɗaura aure, iyaye suka sa albarka. Safiyar ranar ta tura masa: "Angona mai wawulo, kada ka yi dariya a hoto."

Ya amsa: "Allurata, yadda kike nake sonki. Allah Ya bar min ke."

Abin da ya salwanta: haƙoransa biyu, gilashin kantar kemis ɗaya, kwana huɗu da ya yi a hannun 'yan sanda, kwana tara da ta yi a gadon asibiti, da riguna uku da ta buɗa, ba su ƙara zama mata daidai ba.