Ƙasar da Sojoji Suka Ɗura a Buhu

Ku matso. Kai Mati, angon banza, kashe wayar nan ko in ƙwace ta. Labarin kawunku Shekarau zan ba ku, kuma kada wanda ya katse ni, don har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu noma aka kawo sojoji. Ba bariki suka gina ba, zango suka yi a bayan gari, gindin Tudun Maƙera. Tantuna, injin wuta, da rami da suka kewaye kansu da shi. Daga nan ake aika wa sojojin da ke cikin daji harsashi da abinci, nan ake kawo wanda aka harba. Ban raina musu ba, sun tsare mu. Amma ba su tambayi kowa ba. Shebur kawai suka sa, suka cinye rabin tudun, suka ɗura ƙasar a buhuna, suka jera kamar katanga suna fakewa a baya.

Shekarau shi ke kai musu ruwa a tanka. Ruwa kawai. Ko shebur bai taɓa ba.

Ran nan yana komowa da almuru, shi kaɗai, sai ga wata tsohuwa a bakin hanya. Ya tsaya.

"Iya, ina zuwa?"

"Gida."

"Ina ne gidan?"

"Kun kwashe."

Ta shiga. Motar ta yi nauyi kamar bai juye ruwan ba. Can ya ji wani abu na zuba, sur, sur, sur. Ya dubi ƙasa. Ba ƙafa. Daga bakin zanenta jar ƙasa ce ke tsiyaya, har ta fara rufe masa birki.

Ta ce, "Rufin ɗakina ne a buhunan nan. Jikokina a fili suke kwana."

"Iya, ni ruwa nake kaiwa."

"To kai ma ɗanɗana rashi."

Ta hura masa iska a fuska. Da ya buɗe ido, ba kowa.

Ya iso gida. Na miƙa masa ruwa, ya kurɓa, ya tofar. Yashi. Na dama kunu, yashi. Rubutun malam, yashi. Kafin ka ce me leɓensa ya tsattsage, idonsa ya faɗa. Da raɗa ya gaya mini abin da ya gani. Ɗana na mutuwa da ƙishi, ga randa cike a kansa.

Washegari na yafa gyale na nufi zangon da tsakar rana. Na tarar ana kwance tantuna. Babbansu yaro ne ma, ido jawur don rashin barci.

Na ce, "Ɗan nan, ku mayar da ƙasar mutane inda kuka ɗebo."

"Mama, an ce mu matsa gaba. Yarana na can ana harbinsu."

"Nawa yaron fa?"

"Ba lokaci, wallahi. Buhunan mun bar muku."

"Kun bar mana! Sannu da kyauta."

Suka tada motoci suka tafi. Na koma na ɗauko wuƙar yanka kuɓewa da daro. In farke buhu, in cika daro, in hau tudu, in juye. Matan unguwa suka taya ni, Allah ya saka musu, amma rana na yin ja suka watse.

Na hau da daron ƙarshe. Tsohuwar tana zaune a sama. Sur, sur, sur.

Ya kamata in ji tsoro. Fushi ya hana.

Na ce, "Ke ce? Ga masu bindiga, ga mai ba da oda, duk kin tsallake su, sai yaron da ya rage miki hanya? Ke ma tsoron kaki kike?"

Ta juyo ta dube ni.

"Su ba sa tsayawa," in ji ta. "Shi ya tsaya."

"Ba ki da kunya, wallahi. Tsohuwa da ke!"

Na juye ƙasar a gabanta. Ta shafa ta da tafin hannu, a hankali, kamar mai daɓen ɗaki.

"Bai cika ba. Sun ɗora wasu a motar bindiga."

"Sai ki bi su!"

"Zan jira a hanya. Je ki ba shi ruwa."

Da gudu na sauko, ni da gwiwar nan tawa. Na tallafe kansa, na kafa masa moɗa. Ya haɗiye. Ya sake haɗiyewa. Na zauna daɓas na yi ta kuka. Ya rayu, amma muryarsa ba ta ƙara washewa ba, kun dai ji yadda yake magana.

Sojojin ba su dawo ba. Buhunan da suka tafi da su Allah kaɗai ya san dajin da suka ruɓe. Ita kuwa tana nan.

Don haka kada in ji ɗayanku ya bi hanyar Maƙera shi kaɗai. In kuma kun ga tsohuwa ta ɗaga hannu, ku wuce. Kun ji abin da suka mayar da ni? Ni da bakina nake hana jikokina taimakon tsohuwa. Wannan ne ban yafe musu ba, daga ita har su.

Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta.