Kwalaben Mai Agogo

Gwaggo ce ta buɗe kwalbar farko ta tuttular da ruwan a gaban takalminsa.

"Ga abinka nan," ta ce. "Ka koma wajen wanda ya haɗa maka, ka ce masa bai ci ba."

Mai Agogo bai ja ƙafarsa baya ba. Yana tsaye a tsakar gidanmu da rigar aikinsa, ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido yana reto a wuyansa. Ni yake kallo.

Ni kuwa ina zaune a bakin baranda, ina kallon ruwan yana bin tsagar siminti.

"Gwaggo, ruwan sama ne," ya ce a hankali.

"Mu a gidan nan ba a yi mana ruwan saman ne? Duk ranar da aka yi ruwa sai mu tarar da kwalba a ƙofar ɗakin marigayi, an ɗaure bakinta da farin ƙyalle. Dubi yarinyar nan. Ba ci, ba magana, ba kuka. Ka mayar da ita gunki."

Yayana ya gyara murya. Shi ne babba yanzu, kuma girman bai gama zauna masa ba.

"Malam, maganar auren da kuka yi da Baba, Baba ya tafi da ita. Ka dakata da zuwa gidan nan."

Mai Agogo bai ko dube shi ba.

"Auta... ki faɗa musu."

Na san ko ruwan mene ne. Duk gidan babu wanda ya kai ni sani. Na buɗe baki, sai na ji maganar ta yi mini nisa, kamar abin da aka ɗora saman durowa hannuna bai kai ba.

Na rufe bakina.

Ya ɗan jira. Sannan ya durƙusa ya tattara kwalabensa ɗaya bayan ɗaya, ya yi sallama, ya fita. Na ji ƙarar ƙofa, kuma wallahi ban ji komai a raina ba.

Babanmu malamin lissafi ne, amma zuciyarsa direban jirgin ƙasa ce. Ɗakin da ke kusa da ƙofar gida ya mayar gari guda a kan faffaɗan tebur: layin dogo mai zagaye, tasha, gada, rami a cikin dutsen kwali, da bishiyoyin soso da ya rina kore. Jiragensa ba na batir ba ne. Ko wanne bai wuce tsawon takalmi ba, amma da wuta da ruwa yake tafiya, kamar manyan na da. A zuba ruwa a tukunya, a zuba sifirit a ɗan tanki, a kunna lagwani, a jira tururi. Duk da yawansu, wata baƙa ce 'yar gaban goshinsa. Tsohuwa yake ce mata.

Mama ta rasu ina ƙarama, Yaya kuma makarantar kwana ta ɗauke shi, daga nan aiki a wani gari. A ƙarƙashin teburin nan na girma. Da na kai tsawon tebur, Baba ya miƙa mini sirinji ya naɗa ni Mai-ruwa. Har na gama karatu na fara aiki a ɗakin gwaji na asibiti, sunan nan bai bar ni ba.

Dokokinsa biyu ne. Ta farko, ba a ba jirgi ruwan famfo, don yana barin farin dutse a tukunya kamar na cikin butar shayi. Sai ruwan sama da aka tace da farin ƙyalle. Ta biyu, mutum ɗaya ba ya tada jirgi. Mai wuta daban, mai ruwa daban, kuma ba a ƙyasta ashana sai an tambaya.

"Mai-ruwa, akwai ruwa?"

"Akwai ruwa, a sa wuta."

Mai Agogo kuwa ƙafar Tsohuwa ce ta kawo shi gidanmu. Wata 'yar ƙusa ta karye, Baba ya kai masa shago. Gyaran ƙusa ɗaya ya zama zuwa duk ƙarshen mako. Baba ya ce bai taɓa ganin ƙusa mai yawan ciwo irin wannan ba, sai ya kalle ni ya yi dariya.

Baba ya rasu ana gab da damina. Na kulle ɗakin, ban sake shiga ba. Mai Agogo bai ce mini in buɗe ba, bai ce in yi haƙuri ba. Ruwan Tsohuwa kawai ya ci gaba da tarawa yana ajiyewa a ƙofa.

Gwaggo ta zo zaman gaisuwa ta zarce. Tana da ɗa, dillalin motoci, mutum mai turare da mukullai da yawa. Shi ya fara raɗa mata cewa kwalaben nan ba lafiya ba. Bayan an kori Mai Agogo, sai ya zama kullum yana falo.

"Ƙanwata, kin rame. In fita da ke ki sha iska?"

"A'a."

"To me kike so?"

"Ba komai."

Gaskiya na faɗa. In tafi aiki, in ɗebi jinin mutane, in dawo, in kwanta ina kallon silin. Lambar Mai Agogo tana wayata. Wani lokaci in buɗe ta in kalla kamar lambar mai gyaran famfo.

Ranar wata Asabar da hantsi ina ninke kaya, sai wari ya shigo ta taga.

Sifirit.

Da wani warin kuma a bayansa, na fenti mai ƙuna.

Ban san lokacin da na isa ɗakin ba. Ƙofa a buɗe, mukullin Yaya a jiki. Ɗan Gwaggo yana sunkuye kan tebur yana tura Tsohuwa da yatsa, Gwaggo da Yaya suna tsaye a bayansa.

"Yauwa, ga ta nan," in ji Gwaggo. "Ɗan'uwanki zai tada miki jirgin ubanki, ki ga ba sai da wancan ba."

"Ta ƙi tashi ne kawai," ya ce. "Na cika mata mai kuwa."

"Ruwa fa?"

"Wane ruwa? Inji ai mai yake so."

Baƙin fentin tukunyar ya fara kumbura yana fashewa. Wani ɗigo mai ƙyalli ya faɗo kan layi. Dalmar da ta riƙe bututu ce take narkewa. Sifirit ɗin da ya zubar a kan tebur ma yana ci, sai dai wutarsa ba ta ganuwa da rana. Bishiyar soso ce na ga tana lanƙwashewa ita kaɗai.

Na cire mayafina na danne wutar. Na sa hannu na ɗauke Tsohuwa.

Da tafin hannuna, a tukunya.

Zafin ya ratsa ni har ƙeya. Na yi ƙara, irin wadda ban san tana jikina ba. Amma ban sake ta ba sai da na dire ta a ƙasa.

Yaya ya ja ni famfo ya sakar mini ruwa. Ina kallon fatar tana tashi, ina jin ko wane bugu na ciwon. Abin mamaki, har da wani ɗan sauƙi a ciki. Tun rasuwar Baba, wannan ne abu na farko da ya taɓa ni na ji.

Aka ɗaure mini hannu. Na naɗe Tsohuwa a tawul na fita, ba wanda ya tambaye ni ina za ni.

Shagonsa ƙarami ne, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da waya. Agogai a bango ko wanne da lokacinsa. Ya ɗago, ya ga hannuna kafin ya ga fuskata.

"Me ya same ki?"

Na buɗe tawul ɗin.

Ya daɗe yana kallonta. Ya maƙala gilashinsa, ya juya ta a hankali kamar jaririya.

"An sa mata wuta ba ruwa."

"Za ta tashi?"

"Tukunyar ba ta tsage ba. Bututun ne ya saki. Fentin kam ya tafi, tabon zai zauna."

Ya ajiye ta. Ya cire gilashin. Bai yi murmushi ba.

"Auta, abin da Gwaggo ta faɗa bai dame ni ba. Ba ta sani ba ne. Ke kin sani."

"Na sani."

"Kalma ɗaya nake jira ranar. Na tsaya kamar ɓarawo a gidan da na ci abinci da mai shi."

"Ban iya ba... Wallahi ba ƙi na yi ba. Komai ya mutu a jikina, har kai ban ji ka ba."

"Yanzu fa?"

Na ɗaga hannun da aka ɗaure.

"Yanzu ina jin wannan. Kuma ina jin kunyarka."

Sai a lokacin na lura da kantar da ke bayansa. Kwalabe ne a jere, cike, ko wacce da farin ƙyalle a baki.

"Ba ka daina ba?"

"Ruwan bai daina sauka ba," ya ce, yana kallon gefe. "Ni kuma ban san yadda ake daina sonki ba."

Ya yi kwanaki yana aikin. Ranar da ya gama, ni na je na taho da shi, na shigo gaba yana bayana. Gwaggo na ganinsa ta miƙe.

"Wa ya ba ka izinin..."

"Ni ce, Gwaggo."

A wannan karon maganar ta fito.

"Ruwan da kika zubar na jirgin Baba ne. Ruwan famfo yana kashe tukunya, shi ya sa Baba yake tarar na sama. Da ya rasu na daina, wannan bawan Allah ya ci gaba. Na sani tun ranar, na yi shiru aka ci masa mutunci. Yaya, shi nake so. Baba ya sani, yanzu kai ma ka sani."

Gwaggo ta kalli hannuna, ta koma ta zauna. Ɗanta dama tun ranar gobarar bai sake takowa ba.

Yaya ya wuce ya buɗe ɗakin.

Mai Agogo ya goge layin da ƙyalle, ya ɗiga wa ƙafafun Tsohuwa mai, ya ɗora ta a tasha kusa da bishiyar da ta ƙone. Ya zuba sifirit daidai, ya goge abin da ya zube. Ni kuma na zuƙo ruwa da hannun hagu, na cika tukunya na rage kaɗan don tururi ya sami wuri.

Ya fito da ashana. Ya tsaya a inda Baba yake tsayawa, bai ƙyasta ba.

"Mai-ruwa," ya ce, "akwai ruwa?"

Tun da aka fita da Baba ba wanda ya kira ni da sunan nan.

Yaya ya dafa ƙofa. "Wannan tambayar," ya ce a hankali, "ta bango nake jin ta duk hutu."

"Akwai ruwa," na ce. "A sa wuta."

Muka jira. Tukunyar ta fara 'yar ƙara, sannan huci. Wani siririn tururi ya fito. Ya taɓa ta da ɗan yatsa, ta yi tari sau biyu, ta motsa. Ta bar tasha da tabonta, ta hau gada, ta shige rami. Da ta fito ta ɗaya gefen sai ta busa usur ɗinta, ɗan siriri, irin wanda Baba yake cewa tana gaishe ni.

Nan abin ya ɓalle. Kukan da ban yi ba ranar rasuwa, da wanda ban yi ba ranar kwalabe, duk suka taho tare. Na kifa kaina a bakin tebur ina kiran Baba. Na ji hannun Gwaggo a bayana, ita ma tana jan hanci.

"Malam," in ji Yaya, "ka yi haƙuri. Ka turo manyanka."

Mai Agogo ya ce to. Ya bari sai da Tsohuwa ta sake zagayowa, sannan ya sunkuyo kusa da kunnena, ya miƙo mini farin ƙyallen bakin kwalba.

"Yi kukanki, abar ƙaunata, ba mai hana ki," ya ce. "Amma ɗan matsa baya. Wannan ruwan da gishiri, zai sa wa layin Baba tsatsa."