Kabari a Bakin Teku

"Wata uku, Esta? Bayan an sa rana?"

Dauda ya miƙe daga kan kututturen da suke zaune a unguwar Saga. A gabansu kogi ya janye, yashi ne fari fat, mutane na tsallaka shi da ƙafa.

"Majami'a ce ta samo mini horon jinya a Faransi, masoyina... kuma a Normandi. Can ƙanen Baba, Yakuba, ya faɗi a yaƙin Turawa. Shekara arba'in da biyar Baba bai san inda aka binne shi ba."

"Ni fa? Karo na biyu ke nan kina ɗaga bikinmu!"

"Kai kana da lokaci. Baba ba ya da shi."

Dauda ya dube ta ya daɗe, ya hau kekensa ya tafi. Ranar tafiyarta kuma bai samu rakiya ba, domin gwamnatin soja ta kwashi malaman lakwal, wato makarantar boko, irinsa zuwa rabon hatsi a sansanin ƴan gudun yunwa, bayan garin Yamai.

Normandi ta sa Esta jin kunya, ganin yunwar da ta baro a gida. Ciyawa shar, shanu sun yi ɓulɓul, tuffa na faɗuwa ƙasa ba mai tsinta. Duk Lahadi sai ta shiga mota ta bi garuruwan bakin teku, tana wuce tsofaffin ramukan bindiga, tana karanta sunaye a fararen gicciyen kaburburan sojoji har idonta ya yi ja. Babu Yakuba.

Wasiƙar Dauda ta same ta a wata na uku.

"Na huce, abar ƙaunata. Yara na mutuwa da amai da gudawa a nan, hannunki muke bukata. Ni ma ke nake bukata. Ki dawo."

Ta rungume takardar ta yi kuka. Amma a satin ne wani limamin coci ya ba ta labarin wani ƙauye da aka binne baƙaƙen sojoji bakwai. Ta ƙara sati biyu. Ta rubuta masa, "Ka ƙara haƙuri kaɗan, zuciyata."

Ta samu kabarin Yakuba kuwa! Bayan wata ƙaramar coci mai kallon teku, sunan an rubuta shi a karkace. Wata tsohuwa ta ce ita ke share wurin tun tana budurwa. Esta ta durƙusa ta ɗauki hoto.

A filin jirgin Yamai, yayarta Ladi ce kawai ta zo tarbarta.

"Ina Dauda?"

Ladi ta karɓi jakar, ba ta ɗago kai ba.

"Yaya Ladi... ina Dauda?"

"Ciwon sansanin ne ya kama shi. Kwana biyu kawai ya yi... yau kwana tara da binne shi."

Tara! Esta ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa. Da ta dawo ranar da aka tsara, da ta same shi a tsaye. Ruwan gishiri da sukari, ƙarin ruwa a jijiya, aikin da ta yi wa ɗaruruwan mutane. Abin da ya bukata ke nan kawai.

A gidansu na unguwar Banifandu ta tarar da Baba Bitrus zaune a kan tabarma, ya rame. Ta miƙa masa hoton. Tsohon ya kai shi kusa da ido.

"Yakuba..." Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. "Ƴata, ni na aike ki. Ni na raba ku. Ki yafe mini."

"Ba kai ka ƙara sati biyun ba, Baba. Ni ce."

Tsohon ya ajiye hoton a kan tabarma.

Esta ta goge fuska da bakin zane, ta ɗauko masa sandarsa.

"Na nemo maka naka. Tashi ka nuna mini nawa."