Takardun Bayan Mayanka

An yi kiran magariba, amma mai gidan bai tashi daga kan kujera ba. Yana zaune a tsakar gida da kwamfuta a kan cinya, yana haddace jawabin da zai yi ranar Alhamis. Shugaban sashen ƙididdiga ne a ma'aikatar lafiya ta birnin. Mutum bakwai ne kacal a ƙarƙashinsa, amma duk wanda bai kira shi Darakta ba, ba ya samun amsa, har matarsa ta gaji ta bi sahu. Ranar Alhamis ɗin za a ƙaddamar da sabon tsari a gaban manya: an daina rubuta marasa lafiya a takarda, kowane asibiti zai tura nasa ta kwamfuta, taswirar birnin ta fito a babban allo, unguwa mai cuta ta yi ja, mai lafiya ta yi kore.

Yana cikin maimaita "ci gaban zamani" karo na biyar, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Sai wani, sai wani. Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Babu iska, babu yara a layi, kajin maƙwabta ma sun yi tsit.

"Kwano ne yake sakin zafin rana," in ji Darakta, bai ko ɗaga kai ba.

A bayan kicin akwai kwali huɗu da ya lulluɓe da leda. Sabon tsarin ba ya karɓar mara lafiya sai da sunan titi da lambar gida, ita kuwa unguwar da ke bayan mayanka ba ta da titi, balle lamba. Damina uku amai da gudawa yana ɗibar yaran wurin, kowane yaro da takardarsa. Da ma'aikatansa suka tambaye shi yadda za a yi da su, cewa ya yi abin da kwamfuta ba ta karɓa ba, to bai faru ba. Ya kwashe takardun daga tsohon sito, ya zuba a bayan mota, ya kawo gida da niyyar cinna musu wuta bayan biki. A allo unguwar ta fito kore shar, ta fi unguwar masu kuɗi kyau.

Kwana uku ana jifa da magariba. A rana ta uku murya ta biyo bayan duwatsun, muryar tsoho, a hankali, daga wajen kwalayen nan.

"Mace, shekara uku, ta rasu. Namiji, wata tara, ya rasu."

"Darakta, don girman Allah ka fitar da kayan nan," matar ta ce.

"Rediyon maƙwabta ne. Ke komai sai kin ce aljanu."

A rana ta huɗu 'yarsu, wadda ake kira Auta, ɗalibar aikin jinya mai shekara sha tara, ta zagaya bayan kicin kwashe shanya. Shiru ba ta dawo ba. Uwar ta same ta zaune a kan kwali, ta tanƙwashe ƙafa, idanunta sun juye, muryar tsohon nan tana fita daga bakinta. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta gane kowa ba. Kwana biyu tana karanto yaran ɗaya bayan ɗaya, leɓenta ya bushe ya tsage, jikinta yana zazzagewa a gaban idonsu. Darakta ya kawo likita a ɓoye, don kada a ji a ofis. Likitan ya duba, ya ɗauki jakarsa, ya ce wannan ba layinsa ba ne.

Uwar ce ta tafi da ƙafarta ta ɗauko Malam, wani dattijo siriri da ke ƙarshen layi, wanda Darakta ke wucewa a mota kullum ba gaisuwa. Ya iso bayan la'asar ranar Talata. Ya yi alwala, ya sa aka shimfiɗa Auta a falo, uwar ta riƙe mata kai. Ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa. Haske ya yi ta janyewa daga taga, babu wanda ya tuna da fitila. Can yarinyar ta sandare, ta yi ƙara.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me ta yi maka?"

"Shekara arba'in ina zaune a siton nan. Tsohon akawun da ke rubuta takardun, ko da ƙafar hagu bai taɓa shigowa ba, sai ya yi sallama. Na san kowace takarda. Wannan ya zo ya yi ƙwallo da kwalayen, ya kwaso ni da su kamar shara. In ya ƙone su, wa ya san yaran sun taɓa zuwa duniya? Wa zai kai wa sauran magani?"

"Ko da gaskiyarka, zalunci kake yi. Yarinyar nan ba ita ta kwaso ba."

Numfashin Auta kaɗai ake ji, sama sama.

"Na ji. Zan fita, amma da sharaɗi. Ya mayar da takardun, ya sa a shigar da su duka, gobe. Ya yi alkawari a gabanka, in sake ta yanzu."

Uwar ta fashe da kukan murna. Malam ya waiwayo ya dubi mai gidan. Abin da ake jira kalma ɗaya ce, ko bebe zai iya ɗaga kai ya bayar. Darakta ya gyara hula. Ya yi tari. A zuciyarsa yana kallon wani jan tabo a tsakiyar allonsa, manya suna nuna shi da yatsa. Ya sunkuyo wajen kunnen Malam, ya rage murya, amma ɗakin ya yi shirun da ko faɗuwar allura za a ji.

"Malam, tambaye shi mana, ko zai iya haƙuri zuwa bayan Alhamis."

"La ilaha illallahu," in ji matar. Malam ya kawar da fuskarsa.

Sai dariya ta fito daga bakin yarinyar, busasshiya, babu daɗi a cikinta.

"Tir. Na ɗauka na kama abin da ya fi so, ashe na yi kuskure. Na janye sharaɗina, Malam. Ni ma ina da 'ya'ya. Ba zan ƙara kwana ɗaya a gidan wannan ba."

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, "Umma, ruwa." Malam ya yi addu'a, ya ce a bar ta ta huta, yawanci ba sa tuna komai. Darakta ya miƙa masa hannu a bakin ƙofa, dattijon ya shagala da neman takalminsa.

Ranar Alhamis aka yi biki. Allo ya haska, birni ya fito kore, aka tafa, aka ɗauki hoto. Darakta ya dawo da yamma da lambar yabo a hammata, yana ta washe baki. Auta tana zaune a tsakar gida, an lulluɓe ta da mayafin uwarta, kofi a hannunta. Ya tsaya a kanta ya ce, "Autata, ya jiki?"

Ta ɗago ta dube shi. Idanunta ne, muryarta ce, babu kowa a ciki sai ita.

"Da sauƙi, Baba," ta ce. "Yau ne da za ka ce a sake ni, ko sai gobe?"