Tafasasshen Ruwa a Makwarara

Ana shirin kiran magariba a Yelwa, kaji sun shige akurki, sai dutse ya faɗo a kan kwanon gidan Dakta Abdulsalam. Matarsa Sauda ta ɗago kai daga tankaɗe, ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya sauka kusa da ƙafarta. Da ta taɓa shi ta ji shi da zafi, kamar daga murhu aka ciro shi.

Abdulsalam ya dubi makwarara, ya kau da kai.

Malamin jami'a ne, aikinsa kiwon ƙwayoyin jikin tsutsar masara a kwalabe. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin gado masu yawa. Shi kuwa sai ya zaɓi guda ya rufe masa baki, ya zauna ya ga abin da zai sami ƙwayar. Da yajin aiki ya sa aka kulle ɗakin gwaji, ya kwaso kwalabensa gida, tunda ƙwayoyin ƙwari ba su da tsirfa, ɗumin ɗaki ya ishe su. Doka guda ce bai taɓa karyawa ba: ba a zubar da su da rai. Shi ya sa jiya da almuru ya ƙona waɗanda ya gama da su da tafasasshen ruwa, ya tuttule tukunyar a makwarara yana amsa waya. Bismillar da mahaifiyarsa ta koya masa tun yana yaro ba ta zo bakinsa ba. Ya ji wani siririn ƙara daga ramin. Ya ce wa kansa ɓera ne.

Washegarin jifan, 'yarsu Yasmin, wadda surutunta ke hana mutum jin labarai a rediyo, ta tashi ba magana. Asibiti ba su ga komai ba. Kullum rana ta yi ja, duwatsu su fara, daga makwarara kuma a riƙa jin muryar mace tana lallashin yaro.

"Ni na jawo mata, Abban Yasmin," in ji Sauda. "Ni na aike ta kwashe shanya da magariba."

Ya miƙa mata ruwa, ya ce ta yi haƙuri.

Bappan Sauda ne ya kawo Malam Hamma daga Ƙofar Ran, dattijo siriri mai sanyin murya. Ya zauna bayan la'asar, ya ɗora hannu a kan yarinyar, ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Sai bakin Yasmin ya buɗe, muryar wata babbar mace ta fito.

"Ya isa, dattijo. Kai ma ƙona ni za ka yi?"

"Wa ke nan?"

"Matta."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ita? Ba komai. Ɗana na kwance, fatar bayansa ta saɓule. Tambayi mai kwalabe. Ya ji kukan, ya ce ɓera ne."

Sauda ta juyo a hankali ta dubi mijinta.

"Na daɗe ina leƙen aikinsa ta taga," muryar ta ci gaba. "Yakan rufe bakin abu guda, ya zauna ya gani. Ni ma na rufe guda na zauna. Na ga mace tana kuka da laifin da ba nata ba, na ga miji yana miƙa mata ruwa."

"Bai gan ku ba," in ji Malam. "Ba a ba shi idon ganinku ba. Kama wadda ba ta zuba ba kuwa zalunci ne. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"A bar mini ita a madadin nawa."

"Naki yana da rai. Ba za ki samu ba."

Ya koma karatu. Jikin yarinyar ya sandare, ya saki.

"To, kwalabe su bar gidan nan," in ji Matta. "Kuma ya faɗa da bakinsa."

Abdulsalam ya ji harshensa ya yi nauyi, kamar shi aka kama.

"Ni ne, Sauda. Na sani tun dutsen farko."

"Zan fita," in ji Matta. "Amma zan tafi da abu guda, ɗan ƙarami. Ya zauna ya gani."

"Ba da komai za ki tafi ba."

Kafin Malam ya rufe baki, Yasmin ta yi atishawa, ta lumshe ido, ta buɗe.

"Umma, ƙishirwa nake ji."

Kwalabe sun bar gidan a keke tun kafin isha'i. Jifa ya tsaya. Surutun Yasmin ya dawo cif: tana kiran Umma, tana kiran Bappa, tana kiran kajin da sunayen da ta raɗa musu. Takan haye cinyar mahaifinta ta ba shi labarin makaranta. Sai dai in ta zo kiransa, leɓenta ya haɗu, ta ɗan tsaya kamar mai neman abin da ta ajiye, sannan ta ce, "Kai, ka ji?"

Sauda ba ta taɓa tayar masa da zancen ba. Illa dai duk sa'ad da za ta zubar da ruwan zafi, takan yi bismilla da ƙarfin da zai kai ɗakinsa. Shi kuwa yakan zauna bakin ƙofa da yamma, yarinyar na wasa a gabansa, yana jiran ya ji an ce Abba.