La'asar a Kan Matakalar Gidan Wasa

Ita kaɗai Fauzia ta je, wannan shi ne abu na farko da masu dogon baki za su sani. Tsohuwar Baturiyar da Fauzia take yi wa jinya a unguwar Sedgefield ce ƙafa ta hana ta fita, ta miƙa mata tikitin kallon wasa. Fauzia ta kira mata uku na zango, kowacce ta ce tana aiki.

Tsohon gidan wasa ne a tsakiyar birnin Greensboro na Amurka, ya girmi kakannin kowa. Kujeru jajaye, rufi mai zanen ruwan zinariya, ga fitila kamar kurangar inabi. A kan dandamali ana waƙa ana rawa, mutane bibbiyu suna dariya, ita kuwa jakarta ce a kujerar gefenta. Tun da ta baro Kumasi haka take.

Da aka ba da hutu ta tuna ba ta yi La'asar ba. Wani dattijo mai nuna wa mutane kujera ya kai ta matakalar bene, inda ya ce babu kowa. Sai ga wani saurayi ya riga ta, yana jujjuya waya yana neman alƙibla.

"Ke ma?" ya ce, yana murmushi.

Wahab ke nan, direban babbar mota, wanda hanya ta saba masa da cin abinci shi kaɗai. Ya shimfiɗa mata kwat ɗinsa, ya ja su salla. Kafin a koma ciki sun karɓi lambar juna.

Washegari ya rubuto: "Fauzi na, na wuce Virginia. Ban tuna yadda wasan ya ƙare ba, ke kawai na tuna."

Ta amsa: "Direba, ka kalli hanya. Ni ma ban tuna ba."

To, 'yar wata Anti Lariba ta zango, wadda aka daɗe ana yi wa sha'awar Wahab, ta gan su suna saukowa. Kafin Juma'a labari ya zama an kama su a lungu. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma manya ne suka yaɗa ta, Anti Lariba a gaba, masu carbi a hannu.

Da Wahab ya aiko neman aure, kawun Fauzia Alhaji Abdul-Gafar, wanda take zaune a gidansa a Pleasant Garden, ya ce ba zai aurar da 'yarsa ga mutumin gidan rawa ba. A wurin suna mata suka riƙa janye kujera daga kusa da ita. Fauzia ta daina amsa waya don kunya, Wahab ya ɗauka ta gaji da shi.

"Odo, masoyiyata, in na yi laifi ki faɗa. In kin fasa ma ki faɗa, zan jure," ya rubuto.

Ta karanta a ɗaki, ta kife wayar. Damina ta wuce ba mai sallama da ita.

Ranar da Alhaji ya ji kukanta ta bayan ƙofa, ya ce aure ba ya mutuwa ba bincike. Ya sa hula ya tafi gidan wasan da kansa. Yana zaton mashaya, sai ya tarar da tsofaffi da sanduna. Ya nuna wa dattijon nan hotonta, mutumin ya ce ai ya tuna su, su ne suka nemi wuri mai tsabta su yi salla.

Alhaji ya dawo ya tsaya a ƙofarta.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kawu, ba ka tambaye ni ba."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura. Anti Lariba ta zo, ta ci waakye, shinkafa da waken nan, har ta ƙulla a leda, amma har yau ba ta ba yarinyar nan haƙuri ba. A gaban jama'a ta ɓata ta, a gaban jama'a muke jiran ta wanke ta.

Su kuwa, da taro ya watse Wahab ya ce, "Amarya, mu je gida." Fauzia ta ce ya sake faɗa, ya sake. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya tsare su daga bakin mutane.