Taswirar Gonar Tamar

Gara in faɗi gaskiya tun da wuri: har yau ban san inda hotunan wayata suke kwana ba. Sufeto Kumai ma haka yake, sai dai shi yana da kaki.

Ranar Juma'a da safe rahoto ya iso ofishinsu a Kafanchan: an sace kwamfutar ƙungiyar manoman citta ta Godogodo. A cikinta taswirar gonar Tamar take, gwauruwar da za a saurari ƙararta kan iyakar gona ranar Litinin.

Da Kumai ya isa ofishin ƙungiyar, ya duba ƙofa. Ba a fasa kwaɗo ba, janareta ma yana nan.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da shugaba, Baba Gershon," in ji Hellen, sakatariya. "Amma Oga, komai yana sama."

"Wace sama? Ta Ubangiji?"

"Satalayit. Duk abin da muka rubuta, kwano yana tura kwafi can. Har sunan wanda ya taɓa kwamfutar a ƙarshe." Tana magana tana kallon takalminta.

Gonar da ta haɗa iyaka da ta Tamar ta Gershon ce. Kumai ya so a ce ta wani ce daban. Dattijon nan ne ya koya masa Dokoki Goma a coci, da bulala. Ya je ya same shi a gida.

"Baba, ina kuke jiya?"

"Kagarko, jana'iza."

"Mama, uwargidanku, ta ce a gida kuka wuni. Hellen kuma ta ce akwai kwafi a sararin sama. Gobe za a sauko da shi."

Gershon ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon gajimare.

"Shekara arba'in ina gaya wa yara akwai littafi a sama," ya ce. "Ni ne ban ji ba. Kunyoyi biyar na ci daga gonarta, ɗana. Kuma mijinta abokina ne. Kwamfutar tana cikin rijiyata."

Kumai bai sa masa ankwa ba. Ya buɗe masa ƙofar gaban mota ya zaunar da shi, yana ji kamar shi aka kama.

Da suka tsaya a ofishin ƙungiya don ɗaukar bayanin Hellen, Kumai ya zagaya baya ya rage ruwa.

Kwanon satalayit yana ƙasa, kan duwatsu uku, babu waya ko ɗaya a jikinsa. Tun girbin bara Hellen ke shanya citta a cikinsa.